Cin kasuwa da cin kifin teku a Ailan: abin da na koyo bayan arba'in

Wankan jego ne ya kai ni ƙasar Ailan. Ɗiyata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, ta haihu a birnin Cork inda mijinta yake aiki, aka ce Inna ta zo. Ni haifaffiyar Tawa ce, amma shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina suyar kifi da sayar da abinci a Yamai, saboda haka da muka yi arba'in, mai jego ta warware, sai na aika wa surukina saƙo ta bakin matarsa: ban keta hazo don in zauna ina ƙirgar ruwan sama ta taga ba, a kai ni kasuwa. Tun da na dawo, mata masu ƴaƴa a Turai ke tsare ni da tambaya, wai me ake ci a can, wai ba alade ne ko'ina ba. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na sa aka rubuta. Da mata nake magana, amma namijin da ya ji ya ƙaru.

Takarda, kaya da kuɗi

Ailan tana cikin Tarayyar Turai, da yuro ake ciniki, amma ba ta cikin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Idan kina da bizar Faransa a fasfo kada ki ɗauka ta ishe ki. Tasu daban ce, ta intanet ake cika takardar nema, kuma ba su da ofishin jakadanci a Yamai, don haka a fara da wuri. Bizar ziyara ba ta wuce kwana 90. Ƙasar tsibiri ce, kuma arewa maso gabashin tsibirin, inda Belfast take, a ƙarƙashin Birtaniya yake, kuɗinsa fam, bizarsa ma wata ce. Babu shinge a hanya, mota wucewa kawai take yi, kada rashin shingen ya ruɗe ki. Ni ta Istanbul na bi, na sauka Dablin.

Kada ki ɗauki kilishi. Na san wannan magana tana da zafi ga Ba'adara, domin har na sa an ɗaure mini na Madawa, da cuku, da kwalbar man shanu don mai jego, sai surukina ya bugo waya ya ce dokar Turai ta hana shiga da nama da duk abin da aka yi da madara daga wajen Tarayyar. Maƙwabta suka ci rabonsu. Dakakken yaji, garin kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa su na zuba a kwalabe masu murfi na tafi da su, kuma yajin nan shi ya riƙe ni wata uku.

Yuro ɗaya sefa 656 ne, ba ya hawa ba ya sauka. Yuro 10 ke nan jaka shida da rabi da ƴan kai. Ki yi wannan lissafi sau ɗaya a gida, ki ware abin da za ki kashe, sannan ki daina, in ba haka ba ko shayi ba za ki iya haɗiyewa ba. Kusan ko'ina da kati ake biya, amma ki riƙe ƴan tsabar kuɗi don masu rumfa. Ki tafi da jakar cefanenki, tun 2002 suke karɓar haraji a kan leda. Rigar ruwa mai hula ta fi laima amfani, iskar bakin teku juya laima take yi. Zani da silifa kuma a bar su a ɗaki.

Ƙasar ƙarama ce. Jihar Tawa ita kaɗai ta fi tsibirin gaba ɗaya faɗi. Dablin zuwa Cork kamar Yamai zuwa Dogon Dutsi ne, awa biyu da rabi a jirgin ƙasa daga tashar Heuston, haka ma Dablin zuwa Galway. Idan da zaɓi, ki je a Satumba ko Oktoba: sanyi bai kankama ba, masu yawon buɗe ido sun ragu, kuma lokacin ne abin teku ya fi auki.

Abin da za ki tambaya kafin ki kai loma

Mu Malikawa ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa abin da yake rayuwa a teku halas ne ko ba a yanka ba, ayar tana cikin Suratul Ma'ida, ta 96. Ƙaguwa, jatan lande, da masu ɓawo biyu irin su kawa (oyster) da ƙumba (mussel), duk sun shiga. Za ki haɗu da Musulmin Fakistan ko na Turkiyya da ba sa cin komai sai kifi mai sunan kifi, mabiya Hanafiyya ne, kowa da mazhabarsa, kada ki shiga gardama. Inda matsalar take shi ne abin da mai dafuwa ya zuba a tukunya bayan kifin.

Ki sa a rubuta miki tambaya uku da Ingilishi a ƴar takarda, ki ajiye a jaka. Akwai alade a ciki? Akwai giya a ciki? A man da aka soya wannan, an soya wani nama? Ni ba na jin Ingilishi, Faransancina ma na kasuwa ne, da takardar nan na zagaye ƙasar, kuma ba a taɓa ɗaure mini fuska ba. Mutanen suna da son hira, har ma ta yi yawa. Ki kuma haddace kalmomin da in kin gan su a takardar abinci za ki tsaya: bacon, ham, lard da sausage na alade ne, wine, beer, cider da stout kuma giya ce. Kalmar pudding ita ce mai yaudara. Wani lokaci kayan zaƙi take nufi, amma baƙin pudding da ake ci da safe da jini ake yin sa, farin kuma da alade.

Za ki ga lambobi ƙanana a gefen kowane abinci. Doka ce ta tilasta a nuna abubuwa 14 da jikin wasu mutane ba ya karɓa, irin su kifi, madara, ƙwai, alkama, gyaɗa da masu ɓawo na teku. Alade da giya ba sa cikin goma sha huɗun nan, saboda haka lambobin ba za su tsare ki ba. Sai kin buɗe baki, ko kin miƙa takarda.

Ni da nake ba ki shawara sai da na faɗa ramin. A wani gidan abinci na bakin teku aka kawo mini cawda, wato romon kifi mai kauri da ake yi da madara da kirim da dankalin turawa da albasa, a zuba kifi iri biyu ko uku, a ba ki da burodi mai ruwan ƙasa da man shanu. Ranar ana tsuga ruwa, hannuna ya ƙandare, ƙamshi ya doke ni, na manta da takarda. Na juya cokali sai ga wasu ƴan jajayen gutsattsari suna tasowa. Na ce wa ɗiyata, “Ke, wannan wane irin kifi ne?” Ta leƙa ta ce, “Inna, ajiye cokalin.” Allah ya taimake ni ban kai baki ba. Ba kowane gida ke sa alade a cawda ba, da yawa ba sa sawa, wasu kuma farar giya suke ɗigawa. Haka ƙumba: yawanci da farar giya ko giyar tuffa ake turara ta. Kwaɓin fulawar da ake tsoma kifi kafin suya ma wasu da giya suke dama shi, har burodin akwai wanda ake zuba wa baƙar giyarsu. Idan kin tambaya, sau da yawa za su ce bari a yi miki naki da man shanu da lemun tsami.

Kasuwar Cork

Ki fara da English Market da ke tsakiyar Cork. Tun 1788 take ci, rufaffiya ce, tana da ƙofa ta titin Grand Parade da ta titin Princes, tana buɗewa Litinin zuwa Asabar, Lahadi a rufe. Sunan Kasuwar Ingilishi ya samo asali ne daga bambanta ta da wata da aka buɗe daga baya a titin Cornmarket, wadda ake ce wa ta ƴan Ailan. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ta shiga cikinta a watan Mayun 2011, hotonta tana dariya da wani mai kifi ya zagaye duniya. Girmanta ko kusa da Babbar Kasuwar Yamai bai kai ba, a minti goma kin gama zagayawa, amma ni sai da na yi awa biyu a layin kifi.

Teburin kifi dogo ne, an shimfiɗe shi da niƙaƙƙiyar ƙanƙara, kowane kifi da ɗan allo mai sunansa da kuɗin kilo. Abin da ya fara ba ni mamaki, babu ƙarni, babu ƙuda ko ɗaya. Na tsaya gaban wani mai ƙaton kai da baki kamar an tsaga ƙwarya, haƙora cako-cako, fata kamar ta kwaɗo. Na ja da baya ina a'uziyya. Mai kifin, wani jibgegen mutum da jan fuska, ya kwashe da dariya, ya ɗaga wutsiyar ya nuna mini cewa ita kaɗai ake ci. Sunansa monkfish, namansa fari ne mai tauri, ƙashi ɗaya tal a tsakiya, ba ƙaya. A miyar tumatir da tattasai ba ya dagargajewa. Shi ne ya fi kama da giwan ruwa a baki, kuma shi ya fi tsada cikin waɗanda na saya.

Ga yadda na raba su a kaina. Hake, cod da haddock fararen kifi ne masu laushi, ba kitse, ba sa son daɗewa a wuta. Mackerel shi ne ɗan'uwan kifin firigo da muka sani, amma ɗanyensa da aka kamo jiya wani abu ne daban, bayansa shuɗi da baƙin zane yana walƙiya, kuma shi ya fi araha. Salmon ja ne mai maiƙo, kusan duk wanda za ki gani na kiwo ne a keji cikin teku, domin tun 2007 aka hana kama na daji da ragar da ake saki a teku. Sai jatan landen da suke kira Dublin Bay prawn, mai dogayen hannuwa kamar kunama, wanda masu jin Faransanci suka sani da langustin.

Duba kifi kuwa duk ɗaya ne da na bakin Gadar Kennedy ta Yamai: ido a tsaye yana sheƙi, cikin kunne ja, nama in kin danna ya dawo. Sai dai a can ba a taɓawa, da ido da hanci za ki yi aiki. Ki je tsakanin Talata da Juma'a, da safe. Idan an kwana biyu ana iska mai ƙarfi jirage ba su fita ba, tebur zai rame, kada ki yi mamaki.

Ba a tayi. Wannan ya fi komai yi mini wuya. Na ce a tambaye shi nawa zai rage, ɗiyata ta ce, “Inna, za ki ba mu kunya.” Babu albarka, babu sallama, babu gyara, abin da ke allo shi ne. Amma akwai wata ƙofa da na gano. Mutanen can tsokar kifi kawai suke saye, a feɗe a cire ƙaya, kai da ƙashi a zubar. Ki ce a haɗa miki da kan da ƙashin. Ni an sha ba ni kyauta, har da na wasu, mai kifin yana mamakin me zan yi da su. Romon kan hake da citta da masoro da tafarnuwa shi mai jego ta yi ta sha.

A layin nama ki yi hattara. Akwai tumbi fari tas da zai ja hankalinki, a gefensa akwai drisheen, wanda jini ne aka dafa, da ƙafafun alade. Naman sa da na rago masu kyau ne amma ba yankan Musulmi ba, akwai shagunan halas a gari, masu masaukinki sun san su. Abin da za ki saya hankali kwance: burodin soda, wanda ba yis a cikinsa, da garin alkama da tsamin nono ake yi, sai man shanu. Man shanunsu rawaya ne kamar na Fulani da damina, saboda shanunsu ciyawa ɗanya suke ci kusan duk shekara. A ƙarni na 19 Cork ce babbar kasuwar man shanu ta duniya, har gidan tarihinsa suka yi a unguwar Shandon.

Dafa shi da kanki

Idan kina da murhu a masauki, rabin damuwar halas da haram ta ƙare, kuɗi ma sun ragu sosai. Amma sai kin danne hannunki. Mu mun saba mu tsoma karfasa a mai har ta yi ƙayau, domin zafin garinmu da ƙarnin kifin kogi sun koya mana haka. Ranar farko haka na yi wa hake, ya fito kamar soso. Yadda ake yi: ki tsane shi da tsumma, ki barbaɗa gishiri, ki sa mai kaɗan da man shanu a kasko, fata a ƙasa minti huɗu, ki juya minti biyu ko uku, ki sauke, ki matsa lemun tsami. Da zarar tsokar ta yi fari tana rabuwa sala-sala, ya nuna. Loma ta farko ki ci ba yaji don ki san ɗanɗanonsa. Ta biyu ki yi abin da kika ga dama, ni dai barbaɗawa nake yi.

Ƙumba ita ce mai arahar da ba a sani ba. Baƙa ce, tsawon ɗan yatsa, a jikin igiyoyi ake kiwonta cikin teku a wurare irin su Killary da Bantry, a raga ake sayarwa, kuma da ranta za ki saya. Kada ki jiƙa ta a ruwa, kada ki ƙulle ta a leda, mutuwa za ta yi. Ki sa a kwano a firigo, ki rufa da jiƙaƙƙen tsumma, ki dafa a ranar ko washegari. Ki wanke, ki fizge ɗan gemun da ke gefe. Wadda ta fashe ki yar. Wadda ta buɗe baki ki ƙwanƙwasa ta a bakin kwano, in ta rufe tana da rai, in ta ƙi ki yar. Sai ki soya albasa da tafarnuwa da tumatir da tattasai, ki zuba ruwa rabin kofi da lemun tsami a madadin giyar da suke sawa, in ya tafasa ki juye ƙumbar, ki rufe, wuta da ƙarfi, minti huɗu zuwa biyar. Za ki ji suna ƙaras-ƙaras suna buɗewa. Wadda ba ta buɗe ba bayan dahuwa ita ma ki yar. Kada ki sa gishiri, ruwan teku ne a cikinta. Albasarsu ba ta kama ƙafar ta Galmi ba, sai ki ninka.

Wani gargaɗi: za ki gan su manne a duwatsu in teku ya janye, ba mai tsaro, zuciyarki za ta ce ga banza ta faɗi. Kada ki ɗiba. Wani lokaci suna ɗaukar dafi daga ruwa wanda dahuwa ba ta kashewa, na kasuwa kuwa hukuma na gwada ruwan da aka kiwata su. Kuma teku sau biyu yake cika ya janye a yini da kwana, yana dawowa da sauri fiye da yadda ƴar Adar ke zato.

Kinsale da Galway

Kinsale ƙaramin gari ne kilomita 25 kudu da Cork, bas mai lamba 226 ke zuwa. Gidaje masu fenti kala-kala, gidajen abinci a jere, a watan Oktoba suke bikin abincinsu. Yini ɗaya ya isa. Daga nan ne hanyar da suke kira Wild Atlantic Way ta tashi, kilomita 2,500 tana bin gaɓar yamma har Donegal, inda Killybegs take, babbar tashar jiragen kamun kifi ta ƙasar. Kada ki ce sai kin gama ta. Hanyoyin ƙauye matsattsu ne, kuma ta hagu ake tuƙi.

Galway ce ta cancanci kwana biyu. Kasuwarta ranar Asabar take cika, a gindin cocin Saint Nicholas da aka gina tun 1320, rumfuna a fili kamar kasuwar ƙauye. A ƙarshen makon ƙarshe na Satumba ake bikin kawa, wanda aka fara a 1954, har da gasar duniya ta saurin buɗewa, kowa a ba shi talatin. Masauki yana tsada a lokacin, a kama da wuri. Kawa iri biyu ce. Ta asalin ƙasar faffaɗa ce zagayayya, daga Satumba zuwa Afrilu kaɗai ake cinta, domin da zafi take hayayyafa. Wadda ta yi lakwal ta tuna sunayen watanni da Faransanci: duk watan da ke da harafin r ana ci, huɗun da ba su da shi a bari. Ɗayar doguwa mai kaushin ɓawo daga waje aka kawo irinta, ita duk shekara akwai.

Ɗanya ake cinta, da ranta. Sai da na yi kwana biyu ina shawara da zuciyata. Mai rumfar ya naɗe hannu da tsumma, ya soka gajeriyar wuƙa ta gindin ɓawon, ya murɗa, ta yi ɓas, ya yanke jijiyar, ya miƙo mini a rabin ɓawonta tana kwance cikin ruwanta, toka-toka, kamar abin da ba zan faɗa ba a wurin abinci. Ga surukina a tsaye. Ni in ci abinci gabansa ma ban taɓa ba, balle in ɗaga kai in zuƙi wannan. Yaron kirki, ya gane, ya ce, “Inna, bari in dubo mana cuku,” ya ɓace cikin mutane. Na juya baya, na matsa lemun tsami, gefenta ya ɗan motsa, na yi bisimilla na kurɓa. Sanyi, gishiri, sai wani ɗan zaƙi daga baya kamar na kokwamba. Ki tauna sau biyu ko uku, kada ki haɗiye kamar magani, a taunar daɗin yake. Ta farko don kada a ce na ji tsoro na ci. Ta uku kuwa ni na nema. Su da baƙar giya suke korawa, ni da shayi. Mai ciki, da tsoho mai rauni, da marar lafiya su bar ɗanyar, a gasa musu da man shanu da tafarnuwa. Ɗiyata ma da take shayarwa gasasshiya na ce ta ci.

A kasuwar nan na ga ƴan ƙulle-ƙulle na busasshen ganye ja mai duhu, dillisk, ciyawar teku ce, ana taunawa haka nan, gishiri-gishiri kamar kilishin ganye. Akwai wata kuma, carrageen, da ake tafasawa da madara ta kafe kamar kamu ya kwana, suna sha don tari. Matar da ke sayarwa ta yi wa ɗiyata dogon bayani. Daga 1845 zuwa 1852 cuta ta kama dankali, yunwa ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu miliyan ɗaya suka bar ƙasar. Mutanen gaɓa da ciyawar teku da abin cikin duwatsu suka rayu, shi ya sa tsofaffi suka daɗe suna ƙyamar su, abincin talauci ne a wurinsu. Na ce a gaya mata mu ma muna da anza da jiga, kakata ba ta son ko a ambace su. Matar ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Yanzu abin da kakanninsu suka ci da hawaye shi ake sa wa baƙi a faranti mai tsada.

Kada ki bar yamma ba ki ɗanɗana bandarsu ba. A Lisdoonvarna, kudu da Galway, akwai Burren Smokehouse da ke nuna wa baƙi yadda ake yi. Bandar salmon da sanyin hayaƙi ake yin ta, zafin bai kai digiri 30 ba, saboda haka tana fitowa da laushi kamar ɗanya, a yanka siriri a ɗora kan burodi da man shanu. Idan irin bandar Diffa kike nema, mackerel mai zafin hayaƙi ne ya fi kusa, na marmasa shi a miyar kuka ya zauna daram. Sai dai duka biyun ba sa zama sai a firigo, ba tsarabar da za ta jure zafin Yamai ba ce.

Dablin, a kan hanyar gida

Ki bar wa Dablin kwana ɗaya ko biyu. Titin Moore yana da masu kayan miya a tebur da mahauta na halas da shagunan ƴan Afirka, a nan za ki ji kamar kin taka kasuwar Wadata ta Yamai. Ranar Asabar akwai kasuwar abinci a unguwar Temple Bar. Masallaci yana kan titin South Circular. Daga tashar Connolly ko Tara ki hau jirgin ƙasan da ake kira DART, rabin awa ya kai ki Howth, ana furta shi kamar “hot” da jan wasali. Shagunan kifi a jere suke a kan gaɓar yamma ta tashar, jiragen kamun kifi na ɗaure a gabansu, a cikin ruwan kuma wasu dabbobi masu gashin baki da ake kira sil suna leƙowa, sun tuna mini da ayu. Nan za ki ci soyayyen kifi da dankali, sana'ar da ƴan Italiya suka kawo ƙasar tun wajen 1880. Ki miƙa takardarki, ki ce a sa gishiri da binega, ki ci da zafinsa. Ki rufe shi da jikinki, domin fararen tsuntsayen teku sun fi shirwar mahauta iya fizge. Ɗaya ta sauko ta kafaɗata ta tafi da rabin kifina, na bi ta da zagi da Hausa, Turawa na ta dariya.

Da na dawo Yamai na ce bari in gwada abin da na koyo. Na sami giwan ruwa mai kyau, na yi masa minti huɗu da uku a kasko da man shanu da lemun tsami, na sa wa wani tsohon mai sayen abincina da ya shekara goma yana cin suyata. Ya ɓantara, ya duba cikin, ya turo mini farantin ya ce, “Hajiya, itace ne ya ƙare?” Na mayar da shi cikin mai.